Ƙugun Manya

Shekara talatin da huɗu Tela ya yi yana zagaya tef a ƙugun manyan mutane, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa gamuwa da namiji ɗaya da ya yarda cikinsa ya ƙaru ba. Ko yadin ne ya sha ruwa ya tsuke, ko mai guga ne ya ɓata wandon. Shagonsa yana ƙasan wani tsohon bene, daura da ginin ofisoshi mai hawa shida, kuma kusan duk mai sa kwat a ginin nan, daga masinja har darakta, a wurinsa yake ɗinki. Keken ɗinki biyu ne a shagon, da teburin yanka, da dogon madubi mai tsaga a gefe, sai kanta guda inda ya jera littattafan awo goma sha ɗaya, kowanne da shekarunsa rubuce a bango.

Ya san halinsu ciki da bai. Mutum zai shigo yana haki don ya yi taku ashirin daga mota, amma da ya ga an ɗauko tef sai ya ja numfashi ya haɗiye tumbinsa, idanu su firfito, ya ƙame kamar soja a fareti. Tela kuwa ba ya gaggawa. Sai ya shiga neman alli, ya goge tabarau, ya tambayi lafiyar yara, har numfashin ya ƙare, tumbin ya faɗo inda yake zaune kullum, sannan ya auna. Shi kuma mai wandon sai ya leƙo ta kafaɗarsa ya ga abin da za a rubuta.

Tun yana sabon tela ya taɓa rubuta wa wani akawu arba'in da biyu a gaban idonsa, akawun ya kwashe yadinsa bai ƙara dawowa ba. Daga ranar ya sake dabara. Lambar da mutum ya saba gani ita yake rubuta masa, sai ya ɗiga ɗigo a gefe da bakin biro, kowane ɗigo inci ɗaya. Talatin da shida da ɗigo huɗu, arba'in ke nan. Mai wando ya tafi yana murna har yanzu yana nan yadda yake ranar aurensa, wando kuma ya zauna masa daidai. Ba wanda ya taɓa tambayar ɗigon.

Yana da ɗan ƙanwa da dangi suke kira Dakta. Ba irin daktan da ke duba marar lafiya ba ne, a wata cibiyar bincike yake aiki, kan abinci da motsa jiki da ciwon suga. A wurin Tela, dakta ne da ko ciwon kai bai iya warkarwa. Duk zuwan da zai yi da sabon labari yake tafe. Bara ƙwai abin gudu ne, bana a ci biyu kullum. Ya hana uwarsa suga a shayi, ya kafa mata dokar tafiyar minti goma bayan kowane cin abinci, shi kuwa ko biredi zai saya a bakin layi sai ya tada mota. Yana ɗaure da agogo mai ƙirga taku, kuma ya fi kallon agogon da kallon fuskar mai yi masa magana.

Wata safiya ya kawo wando a buɗa masa, wai wanki ne ya tsuke shi. Yana tsaye Tela na farke ɗinkin, ya shiga yi masa lacca. Wai binciken da ake yi yanzu ya nuna sikeli yana ruɗin mutane, ƙugu shi ne mai faɗin gaskiya. Kitsen da ke taruwa a ciki shi ke naɗe hanta ya jawo suga da hawan jini, kuma bai kamata ƙugun mutum ya wuce rabin tsayinsa ba. Tela yana ji yana cizon zare. Shi da ya daɗe da sanin cewa duk wanda ɗigonsa ya haura biyar, ba a jimawa sai ka tsinci ƙwayar magani a aljihun tsohon wandonsa, kuma kafin a gama gwada masa kwat sai ya tambayi ina bayi yake. Bai san wai sai an je jami'a ake gano wannan ba.

Nan idon Dakta ya faɗa kan kantar. Ya jawo littafi ɗaya, ya buɗe, ya jawo wani.

"Kawu, ka san abin da ka ajiye a nan kuwa?"

"Littafin awo."

"Mutum ɗari huɗu, ana auna ƙugunsu shekara talatin a jere, da kwanan wata. Akwai masu neman irin wannan ido rufe ba su samu ba."

Ya roƙa a ba shi aro, ya yi alkawarin za a cire sunaye, ba wanda zai san na wane ne. Tela ya yarda, don ko ba komai ɗan ƙanwarsa ne. Ya ajiye almakashi, ya sa yatsa a kan shafin, ya ce akwai abin da ya kamata ya sani game da lambobin nan, ya ga wannan ɗigon? Sai wayar Dakta ta yi ƙara. Ya yi minti goma yana zagaye shagon yana dariya da wani. Da ya gama, Tela ya sake ɗauko zancen, Dakta ya dafa masa kafaɗa yadda ake dafa yaron da ya kawo saƙo daidai.

"Kawu, kai dai ka riƙe ɗinkinka. Lamba aikinmu ce, ka bar mana."

Tela ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ja bakinsa ya tsuke. Da hannunsa ya taya shi loda littattafan a bayan mota.

Matarsa kaɗai ya gaya wa. Ta ce wannan ba daidai ba ne, jininsa ne, ya kira shi ya fahimtar da shi. Ya ce ai ya faɗa sau biyu, kuma mutumin da ya tara digiri uku bai kamata ɗigon biro ya gagare shi ba. Ta ce sau ɗaya da rabi dai. Ya yi kamar bai ji ba.

Wata biyar bayan nan aka aiko masa da kati mai ruwan zinare, ana gayyatarsa taron bayyana sakamako. Ya sa kwat ɗinsa mafi kyau ya tafi. Da farko a layi na uku aka zaunar da shi, da manya suka fara isowa aka yi ta matsar da shi baya har ya ƙare kusa da ƙofa, gefen teburin da aka jibge lemon kwalba da kek da soyayyen nama, a taron da aka kira don lafiyar ciki. Daga nan yana hango zauren gaba ɗaya. Rabin wandunan da ke kan kujerun nan shi ya yanka su, ya kuma san abin da kowanne yake fama da riƙewa.

Dakta ya hau dandamali da zane-zanensa a bango. Ya ce sun gano abin mamaki. A ko'ina ƙugun ma'aikacin ofis yana ƙaruwa da shekaru, amma mazan ginin nan mai hawa shida, da zarar sun kai arba'in sai ƙugunsu ya tsaya cak, wasu shekara ashirin ko inci ɗaya ba su ƙara ba. Ya ce ya binciki dalili, ya tarar liftar ginin ta daɗe da mutuwa, matakala kowa yake hawa. Ga shaida ƙarara cewa hawan bene kaɗan kaɗan kullum yana tsare mutum.

Tela ya yi tsaki a hankali. Kowa a layin ya san cewa shekarar da liftar ta mutu, manyan suka kwaso ofisoshinsu suka dawo hawan ƙasa, masinjoji suke aikawa sama da fayil. A layin gaba yana hango ƙeyar Darakta, tsohon mai ɗinki a wurinsa, talatin da takwas da ɗigo tara, yana tafi har kujerar tana ƙara. Aka cika zaure da mutanen da ba sa iya ganin takalminsu in sun tsaya, ana gaya musu ba su da tumbi, suna gyaɗa kai. Can wajen ƙarshe Dakta ya nuna bayan zaure ya ce a gode wa wani dattijon tela da ya shekara talatin yana zaune a kan taska bai san darajarta ba. Aka yi dariya, aka juyo ana tafa masa. Tela ya ɗaga hannu kaɗan. A ransa ya ce, ku ci kek.

Mako biyu da taron Darakta ya shigo shagon da sabon yadi, fuskarsa fal annuri. Ya ce likitansa na asibiti ya daɗe yana tsorata shi, wai suga, wai ya rage ci, wai ya riƙa yawo da ƙafa kamar marar aikin yi. To ga shi masana sun yi magana, mutanen gininsu daban suke. Ya ce ya ma ajiye ƙwayoyin nan da ke sa shi jiri, ya ga ba abin da ya same shi. Tela ya zagaya tef. An ƙara inci guda. Ya ɗan tsaya da biro a hannu. Mutum da madubi a gidansa, da mata, da likita, in ya zaɓi ya yarda da zane a bango, wannan kuma ruwansa. Ya rubuta talatin da takwas a takardar da yake amfani da ita kafin a dawo masa da littattafansa, ya ɗiga goma.

Wanda ya zo a ƙarshe ba Dakta ba ne. Wata mata ce mai kimanin shekara hamsin, da tabarau da jaka mai nauyi, ya tuna ya gan ta a taron zaune a gefe ba ta tafa ba. Ta gaishe shi, ta ce ita ce mai lissafi a cibiyar, Malama ake ce mata. Lambobin da aka shigar a kwamfuta kawai aka ba ta, ta yi musu lissafi, amma da ta ɗaga kai ta dubi mutanen da ke zauren sai ta ce a kawo mata littattafan da kansu ta gani. Ta ciro na bakwai daga jaka, ta buɗe a kan teburin yanka.

"Baba, ƙudaje ne suka yi wannan, ko kai ne?"

Tela ya ji daɗi har cikin ƙashinsa. Ya gyara zama ya ce ya fi wata biyar yana jiran a samu mai ido a cibiyar nan. Ya bayyana mata komai, da akawun farko, da haɗiye tumbi, da yadda ɗan ƙanwarsa ya dafa masa kafaɗa. Yana jira ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta tambaye shi ko ya san an riga an aika da rahoton inda za a buga, ko ya san masu ciwon suga nawa ne suka ji labarin a rediyo. Ya ce shi dai an ce masa ya riƙe ɗinkinsa.

"Shi gaggawa ce ta ja shi, da son a san shi," in ji ta. "Kai kuwa, Baba, kana sane."

Ya dube ta yana neman inda zai raina, ya samu: wanda ya ɗinka mata siket bai iya kalmasa ba, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Wannan ya ɗan sanyaya masa rai.

Kwana shida tana zuwa da hantsi, ta zauna a bencin masu jiran ɗinki da kwamfuta a cinya, shi yana karanta mata ɗigo shafi bayan shafi. Wani wurin biro ya dushe, sai ya rufe ido ya tuno mutumin, ya ce biyar ne ba huɗu ba, shekarar ce ya sayi mota. Ta riƙa tambayarsa abin da ba wanda ya taɓa tambaya: wane ne ya fara ciwo, wane ne aka yanke wa yatsan ƙafa, wane ne ya daina zuwa don ya rasu. Duk ya sani, har wanda matarsa ta kawo kwat ɗinsa a rage wa ƙaninsa. Da ta haɗa lissafin, ƙugun manyan ya fito yana hawa kamar na kowa, har ya fi. Shafukan da ba su da ɗigo ko ɗaya 'yan kaɗan ne, kuma kusan duk na masinjoji ne. Ta ce ashe matakalar tana aiki, ga wanda ya hau ta. Tela ya ce wannan ai ko mai shara ya sani.

Dakta ya zo da uwarsa. Ita ta fara, tun daga bakin ƙofa. Ta ce Yaya ya kyauta, ya zuba ido ɗanta ya tozarta a gaban duniya, in baƙin ciki yake yi da karatun yaron ai sai ya fito fili ya faɗa. Dakta kuwa ya tsaya yana huci yana cewa an yi masa zagon ƙasa, an ba shi bayanan bogi, dole ya janye rahoton da ya riga ya aika. Tela yana zaune a keke bai ɗaga kai ba. Da suka gaji, ya tambayi Dakta ko wandon da aka buɗa masa kwanaki yana nan daidai, ko shi ma wanki ya sake tsuke shi. Ƙanwar ta ja hannun ɗanta suka fita, ta ce ita da shagon nan har abada.

Abin da Tela bai hango ba shi ne yadda Dakta zai wanke kansa. Duk inda ya zauna sai ya ce ba laifinsa ba ne, tsohon ne yake rubuta wa mutane lambar ƙarya yana ɓoye ta gaskiya a ɗigo. Kafin mako ya zagayo labarin ya hau ginin hawa shida ya sauko. Aka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana son a nuna masa shafinsa. Manya da furfura, masu sa hannu a takardun da ke juya rayuwar mutane, suka tsaya a gaban teburin yanka suna ƙirga ɗigo da yatsa, leɓe yana motsi. Wani ya ce cin amana ne. Wani ya ce zai kai ƙara, Tela ya tambaye shi a kan me, wandon ne bai shige shi ba? Darakta ya ƙirga nasa sau biyu, ya ajiye littafin a hankali.

"Shekara ashirin kana yi min ƙarya."

"Shekara ashirin kana zama ba ka taɓa yagewa ba, ranka ya daɗe."

Ya ɗauki yadinsa da ba a riga an yanka ba ya fita. Fiye da rabinsu suka bi shi, suka koma wurin wani sabon tela a bayan tasha, wanda ba ya ma wahalar da kansa da tef, roba yake sa wa a ƙugu. Tela ya lulluɓe keke na biyu da tsohon zane. Waɗanda suka rage masa yawanci masinjoji ne da direbobi, masu kawo gyaran zik da facin aljihu. Rahoton da aka gyara ya fito daga baya, Malama ta aiko masa da kwafi. Sunan Dakta ne a farko, nata na huɗu. A ciki an rubuta cewa masu binciken sun gano wani ɓoyayyen tsarin alamomi a cikin littattafan. Tela ya sa aka karanta masa wurin sau biyu don ya tabbatar da wanda aka ce ya gano.

Direban Darakta ne ya gaya masa maigidan yana asibiti, an ɗauke shi daga ofis bai san inda yake ba, suga ya hau ya yi masa yawa. Tela ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ci gaba da ɗinki. Ya yi kwana uku yana cewa ba abin da ya shafe shi. Rana ta huɗu ya rufe shago da la'asar, ya sayi lemon zaƙi a leda ya tafi.

Ya same shi a ɗaki shi kaɗai da matarsa, an rataya masa ruwa, ƙafa ɗaya a naɗe da bandeji. Ba kwat, ba taye, sai rigar asibiti da aka ɗaure da igiya a baya, wadda ko makaho ne ya ɗinka ta ya ci a tuhume shi. Matar ta karɓi ledar ta yi godiya, ta ce lemon sai dai ita ta sha, shi an hana shi. Darakta ya amsa gaisuwa da kai kawai. Sai da matar ta fita neman nas, sannan ya yi magana, idonsa a kan rufi.

"Wace shekara ka sa na farkon?"

Tela bai buƙaci littafi ba. Ya ce shekarar da aka ƙara masa girma aka ba shi mota da direba, wando ruwan toka ne, mai aljihu biyu a baya.

Darakta ya ce, "Da ka faɗa min."

"Da ka kwashe yadinka tun ranar."

"Da na kwashe," in ji Darakta, ya rufe ido.

Matar ta dawo da nas, aka ce masu dubiya su ba da wuri. Tela ya yi musu fatan sauƙi ya fito. A gida matarsa ta tambaye shi jikin mutumin, ya ce da sauƙi, ana sa ran ba za a taɓa ƙafar ba. Ta tambaye shi ko ya ba shi haƙuri. Ya ce haƙurin me, shi ya ɗura masa abinci? Ta ajiye masa kwano a gaba ta koma kicin. Ya daɗe zaune bai buɗe ba, har sai da ta leƙo ta ce masa abincin zai huce.